Saura-Kiris da Layar Kwamfuta

Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, har ya sa aka buga masa a bayan riga da manyan baƙaƙe. Amma a duk layin shagunan nan babu mai kiransa da haka sai shi kaɗai. Kowa Saura-Kiris ya sani, domin duk abin da ka kai masa gyara, rediyo ne ko agogo, in ka koma tambaya amsar ba ta canzawa: saura kiris. Dutsen gugar yayarsa da ya taɓa gyarawa ya yi aiki kam, sai dai mariƙin ne ke ɗaukar zafi, ƙasan kuwa sanyi ƙalau.

Wannan yayar tasa ita ke da shagon buga takardu a tsakiyar layin. Ma'aikatanta biyu ne, kowa da kwamfutarsa, ita ma da tata a teburin ƙurya. Akwai Malama, dattijuwa mai tabarau wadda ta fara aiki tun zamanin tafireta, sai Dogo, wanda in ya zauna gwiwoyinsa ke ɗaga tebur. A hagun shagon Mai Aski yake, a bayansa kuma bango ɗaya ne ya raba su da rumfar Kafinta.

Abubuwa biyu suka dami Yaya. Na farko, Dogo ya fita shan shayi ya bar kwamfuta a buɗe, wani kwastoma ya zauna a kujerarsa ya goge sunan wani bawan Allah a takardar neman aiki ya sa nasa. Na biyu zafi. Shagon ba shi da taga ta baya, in rana ta take sai iska ta tsaya cak, fankar sama tana ta juya numfashin mutane tana mayar musu. Yaya ta yi wannan ƙorafi a gida ana cin abinci, da innarsu take magana, amma Saura-Kiris ne ya ajiye cokali.

Ya ce matsalarta ta ƙare. Zai ƙera wani makulli da ake ratayawa a wuya, in ma'aikaci ya zauna kwamfuta ta buɗe, in ya tashi ta kulle kanta. Zai kuma kafa fanka mai hanci, wadda ke sansana iska, in ta ji ta gurɓace ta tashi da kanta ta fitar da ita. Ya ce abin ya daɗe a kansa, wurin gwaji kawai yake nema.

"Shagona ne wurin gwajin?" in ji Yaya.

"Wurin kafa tarihi dai, Yaya. Gobe in 'yan jarida sun zo, teburinki za su fara ɗauka hoto."

Ta ce ba ta so. Inna ta sa baki, ta ce ƙaninta ne, in ba ta ba shi dama ba wa zai ba shi. Yaya ta nuna mata tabon dutsen guga a tafin hannunta, Inna ta ce ai ya warke. Haka dai aka yi ta yi har Yaya ta gaji ta ce to.

Makullan suka iso. Wasu 'yan akwatunan roba ne kamar gidan ashana, kowanne da igiya da 'yar fitila mai ƙyaftawa, an rubuta sunan mai shi a jiki da fenti. Saura-Kiris ya ce sunan abin Makullin Wuya Mai Basira. Mai Aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya dubi wuyan Dogo ya dubi na Malama, ya tambaya wane malami ya rubuta musu laya. Daga ranar babu wanda ya sake kiran abin da wani suna.

Malama ce ta fara ɗanɗanawa. Tana cikin buga wata doguwar takarda ta jingina baya don ta miƙe gadon bayanta, sai fuskar kwamfuta ta yi baƙi ƙirin. Ta sunkuyo, kwamfuta ta dawo. Ta ɗaga kai ta amsa gaisuwar kwastoma, ta sake ɗaukewa. Kafin azahar Malama na buga aiki haɓarta na kusan taɓa madannai, kamar mai neman allura a kan tebur. Saura-Kiris ya ce wannan alama ce ta tsananin tsaro. Malama ta cire tabarau ta kalle shi, ya karɓi layun ya ce zai ƙara musu nisan zango.

Ya ƙara kuwa. Washegari Dogo ya tafi wurin mai shayi a tsallaken titi, ya sha, ya ƙara, ya yi hira, kwamfutarsa na nan a buɗe tana jiran duk mai so. Saura-Kiris ya ce ai tana hango shi ne, shi ya sa. Ya sake kwance layun don ya rage zangon, kuma a wajen mayarwa ya sa kayan cikin na Dogo a gidan na Malama, na Malama a gidan na Dogo.

Nan aka shiga wani sabon yanayi. Bayin layin yana can ƙarshen shaguna, Dogo kuma mutum ne mai yawan shan shayi. Duk sa'ad da ya zame ya fita, kwamfutar Malama ce ke mutuwa. Sai ta naɗe hannu ta gaya wa kwastomomin da ke kan benci su yi haƙuri, Dogo ya tafi bayi. In ya daɗe, masu jira su fara tattauna abin da ya ci. In ya dawo, kwamfuta ta farka tun yana bakin ƙofa, mutane su yi masa sannu da zuwa. Wata tsohuwa har ta ba shi shawarar magani. Malama ta kafa masa doka, ba shayi sai an tashi aiki.

Yaya ta ga abin mai sauƙi ne, ta ce su musanya layun kawai. Suka musanya, aiki ya daidaita. Saura-Kiris ya shigo ya ga sunan Malama a ƙirjin Dogo, ya girgiza kai ya ce wannan rashin tsari ne ke kashe masana'antu. Ya lura kuma kowace laya ba mai sunanta take buɗe wa ba, don haka da suka ajiye su za su fita cin abinci, ya kwance su ya mayar da kayan ciki daidai, ya tafi bai gaya wa kowa ba. Suka dawo kowa ya ɗauki ta ɗan'uwansa kamar yadda Yaya ta tsara. Da la'asar Dogo ya fita, kwamfutar Malama ta mutu.

Ana cikin wannan Saura-Kiris ya zo da fankar. A wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa ya samo ta, wata ƙatuwa ce da aka cire daga gidan burodi. Aka yi dace Kafinta ya yi tafiya duba surukarsa, rumfarsa a rufe, sai Saura-Kiris ya sa guduma ya fasa bangon baya ya cusa ta. Ya kwance fankar sama ya ciri abin da yake so a cikinta ya sa wa sabuwar, ya ce ai ta gama zamaninta. Ya liƙa hancin na'urar a bango, ya haɗa komai da kwamfutar Yaya, wadda daga ita kaɗai ake iya kashewa. Sannan ya hau sama ya ɓoye batir a cikin silin, ya buga ƙusa, don ko an ɗauke wuta aiki kada ya tsaya.

Wadda ta fara shiga hannun fankar wata mata ce da ta zo a yi mata hoton takardun makarantar 'yarta. Ta sha turare, tun daga bakin ƙofa ake jin ta. Tana shigowa hancin ya yi ƙara, fanka ta yi gurnani ta tashi, takardun kan tebur suka bi iska. Matar ta tambayi abin da ke faruwa, Saura-Kiris ya yi mata bayani dalla-dalla cewa na'urar ba ta tashi sai ta ji gurɓatacciyar iska. Matar ta tattara takardunta, ta gaya masa abin da take gani game da shi da na'urar da wanda ya haife su, ta fita.

Labari ya zaga layi. Mai Aski ya mayar da abin wasa, duk wanda ya yi musu da shi a kan tsafta sai ya ce su je fanka ta raba gardama. Wani mai faci ya shiga ya fito lafiya, ya yini yana yawo yana ba da labari. Wani malamin makaranta mai kwat ya shiga ya cire takalmi don ya huta, fanka ta kusa tsinka bango. Aka kai ga mutane na tsayawa a bakin ƙofa suna sansana hammatarsu kafin su shiga, waɗanda ba su yarda da kansu ba kuma suka koma wani shagon a bayan layi. Yaya ta ɗora duwatsu a kan kowane tarin takarda, ta kira ƙaninta.

"Ba ka ce fitar da iska za ta yi ba? Me ya sa takarduna ƙofa suke nufa?"

"Yaya ke nan. Ai ta ƙofar take koro ta. Ta ina kike so ta fita, ta bango?"

Ta ce ta ji, ya kwashe kayansa gaba ɗaya ya toshe mata bango. A nan ne ya sosa ƙeya ya gaya mata ya riga ya gayyaci Mai Shaguna, dattijon da ya mallaki layin duka, ya zo ya ga abin da idonsa, tare da duk masu haya. In ya yaba, za a sa a kowane shago. Yaya ta tambaye shi ko ya nemi izinin mutumin kafin ya fasa masa bango. Ya ce ai shi ya sa ya gayyace shi, don ya ga ramin a lokacin da yake cikin farin ciki.

Yaya ta zauna. Ta san halin Mai Shaguna, ya taɓa tashin wani mai haya a kan ƙusa da ya buga a ƙofa. Ramin nan kuwa akuya za ta wuce ta cikinsa ba tare da ta sunkuya ba. Ba ta da zaɓi sai ta yi addu'ar abin ya yi aiki ko da na rabin safiya ne. Ta sa Malama da Dogo su zo ba turare, ta hana kowa cire takalmi.

Ranar ta zo. Saura-Kiris ya sa rigarsa mai rubutu, ya yi ta shiga yana fita da baya don mutane su karanta. Bai gaya wa Yaya ba, ya ƙara wani abu a kan layarta, wadda ita ce babba: 'yar lasifika a jikinta, da wata ƙatuwa a saman ƙofa, ya naɗi muryarsa a ciki saboda ɓarayi. Masu shaguna suka cika ɗakin, wasu a bakin ƙofa. Mai Shaguna ya iso cikin fararen kaya masu guga, mutum ne mai jiki, ya shigo yana duba bango kamar yadda ya saba. Idonsa ya sauka a kan ramin, ya buɗe baki zai yi magana, Saura-Kiris ya riga shi. Ya cire layar daga wuyan Yaya ya rataya masa, ya ce babban baƙo shi ke riƙe babban makulli.

"Ranka ya daɗe, zauna a nan."

Ya zauna, kwamfuta ta buɗe. Ya tashi ya ja baya, ta kulle. Ya matso, ta buɗe. Dattijon ya yi murmushi, ya ja baya ya matso, ya sake, har da ɗan tsalle a na ƙarshe don ya ga ko zai shammace ta. Mutane suka tafa. Ko Mai Aski ya ce wannan karon malamin ya iya rubutu. Saura-Kiris ya hau kan benci ya fara jawabi, ya ce tun yana goye aka ga alamun, kuma daga wannan layi abin zai wuce asibitoci da filayen jirgin sama.

Abin da babu wanda ya sani shi ne Kafinta ya dawo da safen nan, ya tarar da aikin teburan makaranta na jiransa. Ya ga wani ƙarfe ya leƙo ta bangonsa, ya ce zai tambaya in ya samu sarari. Ya toshe kunnuwansa da auduga kamar kullum, ya jawo katako daidai ƙarƙashin ramin, ya kunna injin goge katako.

Da farko wani ɗan ƙamshin itace ne ya shigo. Hancin na'ura ya yi ƙara, fanka ta tashi. Saura-Kiris ya nuna ta daga kan benci ya ce ga shi nan, ta ji wani abu, kowa ya binciki kansa. Bai rufe baki ba garin katako ya fara zubowa. Hancin ya ji iska ta ƙara lalacewa, ya ƙara wa fanka ƙarfi. Fanka ta ƙara zuƙo gari. Hancin ya sake ƙara mata. Kafin a ce wani abu ɗakin ya koma kamar cikin buhun dusa, duwatsun Yaya suka gaza, takardun mutane suka tashi sama, ana tari ana atishawa ana taka ƙafar juna.

Yaya ta ce a kashe. Saura-Kiris ya diro ya nufi kwamfutarta, ya tarar da fuskarta baƙi. Mai Shaguna ya riga ya kutsa ya fice da laya a wuya, yana neman iskar shaƙa. Dogo ya miƙa dogon hannunsa ya kashe wutar shagon gaba ɗaya, fitilu suka mutu, batirin silin ya karɓi aiki, fanka ko gezau.

"Kun ga amfanin batir ko?" in ji Saura-Kiris cikin tari.

A waje kuwa, dattijon na yin nisa da ƙofa sai lasifikar sama ta buɗe da muryar Saura-Kiris: "Ɓarawo ne, ku tare shi. Ya ɗauki kayan Injiniya." Ta ƙirjinsa ma ta amsa da irin maganar. Ya tsaya ya waiga bai ga kowa ba, ya ƙara sauri wajen motarsa, muryar na biye da shi. Ya kama igiyar zai cire, ta sarƙe da wuyan rigarsa. Garin katako ya rufe shi daga hula har takalmi, gira da gemu duk sun zama launi ɗaya, babu mai cewa shi ne. 'Yan dako suka ajiye kaya, mai shayi ya fito da ludayi. Mai gadin layin, wanda dattijon nan ne ya ɗauke shi aiki da hannunsa, shi ya fara cim masa. Ya cafke shi ta baya, ya ce yau dubunsa ta cika, zai kai shi gaban Mai Shaguna da kansa.

"Ni ne Mai Shagunan," in ji dattijon.

"Kowa haka yake cewa," in ji mai gadi, ƙirjin mutumin kuma ya sake cewa a tare shi.

A bayan bango Kafinta na cikin jin daɗin da bai taɓa ji ba. Tun da ya fara sana'a bai ga ranar da ƙura ke ɓacewa da kanta ba. Yana gogewa tana tashi tana shigewa rami, rumfa fes. Ya jawo wani katakon ya ƙara wa inji wuta. Fankar ta kai iyakar ƙarfinta, bango ya fara rawa, 'yan ƙusoshin da Saura-Kiris ya kafe ta da su suka zare ɗaya bayan ɗaya. Ta yi wani kuka, ta tsinke wayarta, ta faɗa ta baya cikin bokitin fentin Kafinta. Sai a lokacin ya kashe inji, ya cire auduga, ya leƙo da kansa ta ramin ya yi sallama.

Aka dawo da Mai Shaguna, mai gadi na kakkaɓe masa riga yana rantsuwa cewa tun farko ya ga kamar ya san tafiyar. Layar ba ta daina magana ba. Mai Aski ya sa almakashi ya yanke igiyar, ya jefa ta a kwanon ruwan sabulunsa, ta yi ta kiran ɓarawo daga ƙarƙashin kumfa har muryar ta shaƙe.

Dattijon ya zauna a kan benci, aka ba shi ruwa ya kurkure baki. Yaya ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta ce laifinta ne da ta biye wa ƙaninta, shagon nan da shi take riƙe gida. Sai Kafinta ya yi gyaran murya daga cikin rami, ya ce shi dai in ba za a damu ba, a bar masa fankar, bai taɓa ganin abu mai amfani irinta ba.

Saura-Kiris ya miƙe tsaye, gari na zuba daga kansa. "Jama'a kun ji da kunnenku. Kwastoma na farko ke nan."

Mai Shaguna ya dube shi ya daɗe. Kafaɗunsa suka fara motsi, aka ɗauka tari ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa. Da ya samu numfashi ya ce Yaya ta zauna a shagonta, wadda ke da ƙani irin wannan an riga an jarrabe ta, ba sai ya ƙara mata ba. Amma a toshe bangon, kuma mai fasawa shi zai toshe. Sannan in ya sake jin an ga Saura-Kiris da sukudireba a layin nan, ko a aljihu ne, da shi da rigar tasa za su bar unguwar.

Aka toshe bango, aka share gari, aka sake buga wa mutane takardunsu. Sai dai fankar sama ba ta tashi ba, domin rabin cikinta na cikin bokitin fenti. Yaya ta ce kafin a samo wata, shagonta ba zai zauna ba iska. Ta yanko faffaɗan kwali daga akwatin takarda ta miƙa wa ƙaninta, ta nuna masa inda zai tsaya, tsakanin teburin Malama da na Dogo.

Nan kwastomomi suka riƙa samunsa, yana fifita da hannu biyu yana gumi. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa bincike yake yi a kan yadda iska ke tafiya a ɗaki, irin wanda ba a wakilta kowa. Wata rana matar nan mai turare ta dawo da wasu takardun, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaya ko na'urar nan mara kunya tana nan. Malama ta ce ta shigo, an canza sabuwa. Ba ta ɗaga kai daga aikinta ba ta ce, "Wajen baƙuwa." Kwali ya juya wajen baƙuwa. Ta ce, "Ƙara ƙarfi." Kwali ya ƙara.

Matar ta zauna ta gyara mayafinta, ta lumshe ido iska na kaɗa ta.

"Wannan kam," in ji ta, "tana da tarbiyya."